Tsaya Ka Ga Wannan

Duk shekarar da aka yi Hawan Daushe a Kano, dawaki kan koma turke da wuri, amma masu ɗaukar hoto na sha'awa ba sa kwance sirdi sai tsakar dare. A bencin mai shayi suke yada zango, kowa da waya a tafin hannu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja numfashi ya cusa masa tasa a ido. Wai nuna wa juna hotuna ake yi. Amma ka lura da mai kallon: kafin ya gama cewa Masha Allah, babban yatsansa ya riga ya fara lalubo nasa.

Wanda ya fi cin rai shi ne mai nema. Zai riƙe maka hannun riga ya ce, "Malam, tsaya ka ga wani da na ɗauka, wallahi sai ka yi mamaki." Daga nan tafiya ta miƙa. Ku wuce ragon layyar bara, ku wuce rasit ɗin kuɗin makaranta, da lambar mitar wuta, da shaddar da wani ɗan Kantin Kwari ya turo masa, da jaririn da shi kansa ya manta na wane ne. Shayinka ya huce, burodinka ya bushe. Can sai ya dafe kai: "Af, ashe a ɗaya wayar yake."

Kusa da shi akwai mai bayani. Shi ya samu hotonsa, sai dai babu abin da ke ciki face ƙura da ƙeyar wani dogon mutum mai hula zanna. Dalili kuwa, yana dannawa 'yan bindiga suka saki wuta a Ƙofar Kudu, hannunsa ya yi sama. Wannan ba ya hana shi buɗe hoton da yatsu biyu har sai ya farfashe. "Ka ga wannan ɗigon? Laima ce. To Sarki yana ƙarƙashinta." Idan ka yi shiru, sai ya ɗauka tsarin ne ba ka sani ba, ya faro maka daga fitowa daga Gidan Rumfa, da zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiyar Sarki, da jahin hakimai ɗaya bayan ɗaya, har da kwaikwayon kakaki da baki. Labarin yana da daɗi, ban ƙi ba. Hoton ne dai bai halarci hawan ba.

Sai yallaɓai mai kayan aiki. Canon ce ta hannu ya saya, da gilashi mai tsawo kamar taɓarya, da riga mai aljihu goma sha wani abu. Tun da UNESCO ta saka Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ya daina cewa ya je kallo, sai dai ya ce ya je aiki, alhali babu wanda ya aike shi. Ba ya nuna hoto, lissafi yake nunawa: nawa ya buɗe idon kyamara, nawa ya rage haske, nawa gilashin yake da dala a yau. Ka matsa masa sai ya juyo da ɗan allon ya nuna maka wutsiyar doki, tas da ita, kowane gashi a fili. Mahayin fa? Dogari ne ya gitta. Na 'yan lifidi fa? Rana ce ta juya. Masu kyan suna cikin kwamfuta, bai gama gyara su ba. Na Sallar bara ma bai gama ba.

Mai filta shi kam ya gama gyara tun a hanya. A hannunsa ja da koren rigar dogarai kan koma kalar lemon kwalba, shunin marinar Ƙofar Mata ya zama ruwan hoda. Ƙanwarsa baƙa ce kyakkyawa, amma ya wanke ta har sai da mahaifiyarsu ta tambaya ko baƙuwa aka yi. Kuma zai rantse bai taɓa komai ba, haka Tecno ɗin take fito da mutum. Mai ɗauki-da-kanka ba ya buƙatar dogon sharhi: ya hau Dutsen Dala don ya ɗauki birni, birnin yana bayan kunnensa na hagu.

Wanda nake so a cikinsu shi ne Baba, dattijon zamanin fim. Shi ne zai jira hayaniya ta lafa, ya kurɓi shayi, ya ce, "Ku yaran nan ba hoto kuke ɗauka ba, ɓarin wuta kuke yi." A lokacinsu fim ɗaya hoto 36 ne, ba ƙari, don haka sai ka yi bismillah kafin ka danna. Ka jera mutane, ka hana su motsi, ka kai wanki, ka yi kwanaki kana zullumi, sannan a miƙo maka ambulan ka tarar rabi sun ƙone, amarya kuma ta rufe ido a wanda ya tsira. Labarin karyewar Kodak a 2012 har yau da muryar ta'aziyya yake ba da shi. Ana sauraronsa da ladabi, don gaskiya yake faɗa. Matsalar tana zuwa ne idan aka ce, "To Baba, mu ga naka na yau." Jikokinsa sun saya masa waya a Farm Centre, kuma a duk hoton da ya ɗauka, yatsansa ne ya fara isa, ya zauna a kusurwar sama.

Mai suka ba ya ɗaukar hoto sam, saboda haka bai taɓa yanke ƙafar doki ba, kuma yana gane wadda aka yanke tun daga ƙarshen benci. Amfaninsa guda: shi ke kama ɓarawo. Akwai mai zuwa da hoto mai ban mamaki, mahayi a tsaye kan likkafa, takobi a sama, ya ce da kyar ya samu wannan, har doki ya kusa take shi. Sai mai suka ya karɓi wayar ya ƙura ido. "Alhaji, wannan ai ƙofar fadar Zazzau ce. Ga ma sunan mai shi nan a ƙasa, ba ka gama yankewa ba." Alhaji ba ya jin kunya. Zai ce ai ya ɗauki irinsa sak, shi ne ya ɓace.

Ana cikin haka yaron mai shayi, wanda ke wanke kofuna, zai zaro wata Itel mai fasasshen gilashi don duba lokaci. Wani ya hango allon ya fizge. Wani ɗan hakimi ne da bai wuce shekara shida ba, an naɗa masa rawani ya fi kansa girma, yana kan doki cikin cikakken ado yana tsotsar ledar fiya wata, dokin kuma ya juyo yana kallon ledar. Yallaɓai mai Canon ya ce hasken bai zauna ba. Mai suka ya ce an yanke kunne. Sannan kowa ya ce, "Kai yaro, turo min." Kafin gari ya waye hoton yana Facebook da sunan Alhaji a ƙasa, dokin ya koma ruwan hoda.