"Ai i7 Ce, Alhaji"

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. In an yi kamu, an yi dina, an kai amarya, kowa ya watse, a lokacin ne nawa aikin ke farawa: in zauna in yayyanka, in jera, in cire wurin da dangin ango ke cacar baki a kan cinyar kaza. A farkon 2023 laftof ɗina ta kai matsayin da sai ta wuni tana nishi kafin ta fitar da bidiyon awa guda. Na ce lokacin sayen ta tebur ya yi.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a ya ce in bari ya haɗa mini da hannunsa, madabod daban, furosesa daban, RAM daban, akwatin wuta daban. Ya rubuto lissafi. Na duba jimillar, na goge ido, na tambaye shi ko har da babur a ciki.

"Kawu, wannan shekaru za ka yi da ita, abin da ya tsufa kawai za ka riƙa cirewa."

"Ni ba cire-cire nake nema ba, kwamfuta nake nema."

Na shiga kasuwa ni kaɗai. Na tarar da wani shago maƙil da kwamfutocin gwanjo, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu aka lodo a kwantena. Tun daga bakin ƙofa mai shagon ya naɗa ni Alhaji, ni da ko rakiyar maniyyata ban taɓa yi ba. Ya jawo wata siririya, ya hure ƙura, ya ɗora yatsa a kan sitika.

"Ai i7 ce, Alhaji. Wani Bature ne ya yi amfani da ita, shi ma ranar Lahadi kaɗai."

Kuɗinta bai kai rabin lissafin yaron ba. Da na tambayi garanti, sai ya kunna ta, ta kawo wuta, ya ce garantin ke nan na gani da idona.

Na biya na kawo ta gida, yaron ya zo ganin amarya da yamma. Ya danna nan, ya danna can, ya yi shiru irin na likitan da ya ga abu a hoto.

"Kawu, i7 sunan gida ne, kamar a ce gidan Sarkin Fawa, akwai kaka akwai jika. Lambar da ke biye ce ke faɗin shekaru. Taka 3770 ce, ƙarni na uku, ta 2012. Ta girmi autanka nesa ba kusa ba."

Na ce masa tsohuwar zuma ake magani da ita.

Autan nan kuwa shi ya buɗe fagen. A bayan tsofaffin akwatunan wuta da dama akwai wani ɗan jan makunni, gefe guda 115, gefe guda 230, saboda wutar Amurka ba ta kai tamu ƙarfi ba. Yaro mai son taɓa duk abin da yake ja ya tura shi zuwa 115. Aka kawo wuta, na danna. Ƙarar da ta tashi ta sa uwargida ta fito daga kicin da ludayi tana salati, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambayar ko tukunyar gas ce.

Na kai ta wurin mai gyara ina cewa ai akwatin wuta ne kawai, ga su nan jibge a kasuwa. Jibge suke kuwa, domin tun 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, kuma kwamfutar haɗi ta yau duk fulogi ɗaya take ci, mai ƙafa 24. Mai gyara ya ƙirga ƙafafun tawa a gabana: 14. Masu ƙera ta sun yi mata nata ita kaɗai.

"Yallaɓai, sai dai a samo gawar irinta a ciro."

Aka samo gawar, na biya. Na wayi gari da kwamfuta biyu, ɗaya na numfashi, ɗaya na kwance a ƙarƙashin gado.

Daga nan sai katin hoto, wanda yankan bidiyo ke ƙishirwarsa. Na sayo babba mai fanka biyu, ya ƙi shiga, don akwatin siriri ne. Na kai wa mai walda na bakin titi, ya auna da tafin hannu, ya yanke gefen, katin ya shiga rabinsa a waje. Sai kuma aka gano akwatin wutar wat 240 yake bayarwa, ba shi ma da wayar da katin zai sha. Yaron ya ara mini RAM ɗinsa don ya rage mini zafi; nasa DDR4, ramin tawa DDR3, tsagar ba a wuri ɗaya take ba. Na ce a ɗan danna da ƙarfi. Ya karɓe abinsa ya sa a aljihu.

Hunturu ya shigo ya same ta a buɗe. Ƙura ta yi mata bargo, na kafa mata fankar ɗaki, mu kuma muka koma fifita da kwali. Wata tsaka ta gano ɗumi ta tare a ciki da iyalanta. Bidiyon wani biki da na karɓi kuɗinsa tun kafin ɗaurin aure, ranar sunan ɗansu na fari na kai shi. Uwar amarya ta karɓa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," da irin muryar da ta fi zagi ciwo.

Na koma neman takardar lissafin nan. Amma a watan Yunin 2023 an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kayan kwamfuta da dala ake shigo da su. Lissafin da na yi wa dariya ya koma abin da zan yi wa kuka. Shi kuwa yaron, tasa da ya haɗa a kan soket AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito tun 2016, furosesa kawai ya cire ya dasa Ryzen 5 5600, madabod da akwati da wuta duk suna nan. Bai ce mini komai ba, sai dai yana yawan gaishe ni.

A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10. Windows 11 kuwa yana neman TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. Tawa ta uku ce.

Ba zan ci zalin gwanjo ba: mai shagon buga takardu da cike fom, ita ce daidai shi, ya sa mata SSD ta yi ta yi masa bauta. Amma kai da za ka yanka bidiyo ko zane mai nauyi, in za ka shiga kasuwa ka tafi da sukundireba. Ka buɗe murfin a gaban mai shago, ka ƙirga ƙafafun fulogin, ka karanta lambar da ke bayan i7, ko da ya kira ka Sarkin Makka.