Tarin a-kori-kura

Tsohuwar a-kori-kura, irin Peugeot 504 ɗin nan, akwai ladabi matuƙar tana tsaye. Inji na kaɗawa lafiya lau. Amma direba ya kuskura ya taka totur, sai tari ya sarƙe ta, buhunan masara su hau gaisawa da juna a baya.

Nan take likitoci ke fitowa. Mai shayi ya ce fulogi ne. Yaron mota ya rantse kafireta ce. Wani dattijo ya ce baki ne, a nemi malam.

Bakanike bai ce uffan ba. Ya zare tiyon mai, ya tsotsa, ya tofar. Ɗakin gwajinsa ke nan. Sannan ya ciro filta ya karkaɗe a tafin hannu: tsatsa, yashi, har da ruwa. A tsaye, ɗan man da ke ratsawa ya ishi inji. In an taka, ya nemi ƙari, hanya a toshe.

Aka tambayi mai mota yaushe rabonsa da canja filta. Ya ce ai da ita ya sayi motar, kuma ba ta taɓa yi masa laifi ba.

Ya sayi sababbin fulogi huɗu.