Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya EHCP, Takardar Da Ake Jira A Ingila

Zuwa ga Hajiya EHCP,
Uwar takardun yara masu buƙata ta musamman,
Ta hannun ƙananan hukumomin Ingila.

Allah ya ja da ran Hajiya. Masu wannan wasiƙa iyaye ne da suka daɗe suna jin sunan Hajiya a bakin malamai da likitoci, amma da yawansu ba su taɓa sa ta a ido ba. Sun buga waya, sun aika imel, sun cika fom, kullum amsar ɗaya ce: Hajiya tana tafe. Shi ya sa suka ga gara su rubuta a fili, ko Allah zai sa wani na kusa da ita ya karanta mata.

Saboda waɗanda ba su san ta ba, Hajiya takarda ce mai ƙarfin doka da ƙaramar hukuma ke rubuta wa yaron da taimakon makaranta na yau da kullum bai ishe shi ba. Ta haɗa ilimi da lafiya da kulawa wuri guda. Dokar yara da iyalai ta 2014 ce ta haife ta, ta gaji wata tsohuwar takarda da dokar ilimi ta 1981 ta samar bayan rahoton kwamitin Mary Warnock na 1978. Ranar sunanta an sha alkawura. Tsohuwar kan ɗauki mako 26, ita 20 kacal. Za ta riƙe yaro tun daga haihuwa har shekara 25 in da buƙata. Kuma duk abin da aka rubuta a sashenta na F, dole ne hukuma ta samar da shi, ba alfarma ba ce.

To, ga irin masu jiran nata. Yarinya ce 'yar shekara 11, ta gama firamare inda malama ɗaya ke riƙe da ajinsu tun safe har tashi, ta shiga sakandare mai ɗalibai sama da dubu, inda ƙararrawa ke kaɗawa kowace awa, a canja aji, a canja malami, a yi ta turereniya a baranda. Wataƙila tana da otizim da ba a riga an tabbatar ba, wataƙila karatu ne ke yi mata gardama. Tun daren Lahadi cikinta ke fara murɗawa. Safiyar Litinin sai amai, sai kuka, sai ta maƙale a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa ɗaya. Masana a Ingila sun raba wannan da fashin ganganci. Mai fashi ɓoye wa iyayensa yake yi. Ita kuwa tana gida gaban uwarta, tana son zuwa, ƙafa ce ta ƙi.

Uwa ta je makaranta, aka tare ta da maganar da kowane mai irin wannan ɗa ya haddace: "Ai lafiyarta ƙalau a nan." Gaskiya suka faɗa iya abin da idonsu ya gani. Yarinyar takan haɗiye komai tun shiga har tashi, ba ta tsokana, ba ta ɗaga hannu, ko bayan gida ba ta zuwa, sai ta shigo gida da la'asar ta sauke wa uwarta kayan duka. Wani ma'aikaci ya ba da shawarar a kawo ta ko da kayan barci ne. In iyalin Hausawa ne mazauna Landan ko Manchesta, akwai ƙarin ra'ayi daga gida ta waya. Gwaggo ta ce sangarta ce irin ta 'ya'yan Turai, kaka ta ce a nemo rubutu a ba ta ta sha. Uwa ta ce wa kowa to, ta koma kan fom.

Likitan unguwa ya tura su sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara da ake kira CAMHS, inda layi kan ci watanni. Can aka ce matsalar ta makaranta ce. Makaranta ta ce sai ta ga takardar likita.

Sai dai Hajiya tana da wata ƙanwa da ba ta san makara ba, wato takardar tara. Tun watan Agustan 2024, yaron da ya rasa zama 10 ba da izini ba cikin mako 10 na karatu, wato kwana 5 ke nan tunda safe da yamma zama biyu ne, dole makaranta ta duba yiwuwar cin iyayensa tara. Fam 80 ne in an biya cikin kwana 21, ya koma fam 160 in an wuce, kuma uwa daban, uba daban. In abin ya kai kotu, tarar na iya kaiwa fam 2,500, har da ɗaurin wata uku. Wannan ƙanwa ba ta jiran rahoton masani. A yi adalci, ma'aikatar ilimi ta fitar da jagora a Fabrairun 2023 cewa rashin lafiyar zuciya da tunani ma rashin lafiya ne, kuma kada makarantu su mai da neman takardar likita al'ada. Amma alƙalamin sa alamar izini a rajista yana hannun makaranta, kuma ba kowace ce ta karanta jagorar da zuciya ɗaya ba.

Daga nan uwa ta ɗaura ɗamarar neman Hajiya da kanta. Sashe na 36 na dokar da ta haifi Hajiya tambaya biyu kawai ya yi kafin a soma bincike: shin yaron yana da buƙata ta musamman, ko mai yiwuwa yana da ita? Shin mai yiwuwa ne sai da Hajiya za a biya masa ita? Bai ce sai likita ya raɗa wa ciwon suna ba. Bai ce sai yaro ya koma baya da shekara biyu a karatu ba. Bai ce sai makaranta ce za ta nema ba, domin uwa ko uba na iya rubutawa kai tsaye. Duk da haka, waɗannan sharuɗɗa uku da babu su a doka su ne iyaye suka fi ji a bakin ƙofar Hajiya, har wasu sukan juya tun ba su ƙwanƙwasa ba.

Lissafin a takarda gwanin sha'awa. Cikin mako 6 hukuma ta ce za ta bincika ko ba za ta yi ba. In ta bincika ta ga ba sai da Hajiya ba, ta faɗa kafin mako 16. In ta yarda, a ba iyaye kwana 15 su duba daftari, Hajiya ta iso kafin mako 20 ya cika. A aikace kuwa, alƙaluman gwamnati sun nuna kusan rabi ne kawai suka iso a kan kari a 2023, kuma a 2024 ko rabin ba a kai ba. Dalilin da aka fi kawowa shi ne ƙarancin masana halayyar ɗalibai, waɗanda doka ta ce dole a ji ta bakinsu. Mako 20 ya fi rabin shekarar karatu. Kafin ya cika, yarinyar da ake lallaɓawa ta je kwana uku a mako ta daina zuwa ɗungurungum, ƙawaye sun yi sababbin ƙawaye, uwa ta rage awannin aiki ko ta ajiye shi. Zuwan Hajiya a lokacin ihu ne bayan hari.

In an ce a'a, akwai kotun musamman, kuma shigar da ƙara kyauta ne. Sai an fara tuntuɓar mai sasantawa an karɓi shaida, a shigar cikin wata biyu, sannan a zauna jiran ranar zama, wadda kan yi nisan da ya kusa shekara. A shekarar 2023 zuwa 2024 ƙararraki kimanin 21,000 aka shigar. Cikin waɗanda alƙalai suka yanke wa hukunci a 'yan shekarun nan, iyaye ne suka yi nasara, ko duka ko wani ɓangare, a kashi 98 zuwa 99 cikin 100. Masu wasiƙa suna tuna wa Hajiya cikin ladabi cewa da ɗalibi ne ke cin maki 1 ko 2 cikin 100 shekara bayan shekara, da tuni malamansa sun nema masa Hajiya.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Wa ke iya kaiwa kotun? Mai Turanci a baki, mai lokacin karanta dokoki da tsakar dare, mai kuɗin ɗauko masani na kansa ya rubuta rahoto. Uwar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wadda wasiƙar hukuma ma sai ɗanta ya fassara mata, takan ɗauki a'a ta farko a matsayin ta ƙarshe. Fargabar 'yarta ba ta fi ta 'yar lauya sauƙi ba.

Masu wasiƙa sun san kan Hajiya ya ɗau zafi. A 2015 yara kimanin 240,000 ne ke riƙe da ita ko da wadda ta gada. A Janairun 2024 sun kai 576,000, bayan shekara guda suka haura 638,000. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce a rahotonsa na Oktoban 2024 kuɗin da ake ware wa masu manyan buƙatu ya kai fam biliyan 10.7 a shekara, amma sakamakon yaran bai inganta ba, tsarin kuma ba zai ɗore a haka ba. Abin da ya cika layin shi ne iyaye sun gano cewa Hajiya ce kaɗai takardar da za a iya kai ƙara a kanta. Saura duk alkawarin baki ne.

Alhali a doka ba sai an jira ta ba. Kowace makarantar gwamnati ta gama-gari dole tana da ƙwararren malami mai kula da masu buƙata ta musamman, wanda ake kira SENCO, kuma ana sa ran ta kashe har fam 6,000 a shekara daga asusunta a kan ƙarin taimakon yaro kafin ta nemi ƙari. Kundin ƙa'idoji na 2015 ya sa matsalar zuciya da tunani cikin manyan rukunai huɗu na buƙata ta musamman, ya ce a zauna da iyaye aƙalla sau uku a shekara. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta sassauci mai ma'ana ga yaro mai naƙasa. Sassaucin nan yawancinsa ba ya cin ko kwabo: a bar ta ta shiga ta ƙofar gefe kafin cunkoso, a ba ta kati da za ta ɗaga ta fita ta huce ba tare da bayani ba, ta bar aji minti biyar kafin ƙararrawa, a samar mata ɗaki shiru lokacin abinci, kada a tsayar da ita ta yi karatu a gaban aji ba shiri, a haɗa ta da babba ɗaya da ta amince da shi. In kuma ciwon ya hana ta zuwa har kwana 15, sashe na 19 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin samar mata karatu ta wata hanya. Iyaye sukan ji waɗannan ne daga ƙungiyar IPSEA, ko ofishin ba da shawara kyauta na SENDIASS da ke kowane yanki, ko daga wata uwa a bakin get. Ita ce kuma za ta gaya musu cewa duk maganar da aka yi a tsaye, su koma gida su aika imel su ce ga abin da aka ce yau.

Waɗanda Hajiya ta sauka gidajensu ma sun aiko da nasu ƙorafi. Sun ce ta zo da baki mai zaƙi: yarinya "za ta amfana da samun dama" ta taimako "a kai a kai". Wane ne zai yi taimakon? Awa nawa? Sau nawa a mako? Kundin ƙa'idoji ya ce a fayyace, a sa adadi, domin "a kai a kai" na iya zama sau ɗaya a zango. Ofishin sauraron ƙorafin jama'a a kan ƙananan hukumomi yana ba masu ƙorafi gaskiya a fiye da 9 cikin 10 na irin waɗannan koke-koke da ya bincika.

Saboda haka roƙon masu wasiƙa uku ne. Na farko, Hajiya ta ari agogon ƙanwarta takardar tara. Na biyu, ta ja kunnen masu tsaron ƙofarta su daina ƙirƙirar sharaɗin da ba ya cikin doka, tunda kotu za ta rushe shi bayan shekara, da kuɗin jama'a. Na uku, ta aika wa makarantu cewa katin fita daga aji ba ya buƙatar sa hannunta, kwali ne da almakashi.

In Hajiya ta ga damar ba da amsa, don Allah ta yi a rubuce, da kwanan wata a sama. Za a huda ta a sa a fayil, domin alƙali zai nema.

Wassalam.
Iyayen da ke kan layi,
Daga Landan har Niyukasul.