Kai Ne Direba: Yadda Ake Kai Mutane Yawon Gidajen Giya a Bavariya

Duk Bahaushen da karatu ko aiki ya kai Jamus, matuƙar ya taɓa furta "ni ba na sha" a gaban abokan aikinsa, to ya sani an ajiye maganar a wuri mai kyau. A ranar za su gyaɗa kai cikin girmamawa, wani ma ya yaba maka da kula da lafiya. Sai lokacin zafi ya shigo, ranaku sun yi tsawo, sannan ɗaya daga cikinsu zai tsaya a bakin ofis ɗinka yana murmushi, ya tambaye ka ko kana son ganin ƙauyukan ƙasarsu a ƙarshen mako. Ɗan'uwa, ba kyanka ya sa aka tuna da kai ba. Yawon ƙananan gidajen dafa giya suka shirya, kuma sun rasa wanda zai riƙe sitiyari.

Dalilinsu mai ƙarfi ne. Dokar Jamus ta hana tuƙi idan barasar da ke cikin jini ta kai 0.5 cikin dubu, kuma wanda aka kama karon farko zai biya tarar Yuro 500, a kuma raba shi da lasisinsa wata guda. Wanda bai kai shekara 21 ba, ko wanda bai cika shekara 2 da samun lasisi ba, shi ko ɗigo ba a yarda ya sha ba. Saboda haka a cikin motar nan kai kaɗai ne ba za a iya tafiya babu kai ba. Ka riƙe wannan da kyau, don a kansa za ka gina duk wani ciniki da za a yi daga baya.

Kafin ka amsa, akwai maganar da ta fi ƙarfina. Ko ya halatta mutum ya kai masu sha wurin sha, wannan ka kira malaminka na gida ta WhatsApp ka ji ta bakinsa. Ni marubuci ne, ba a naɗa ni mufti ba. Abin da na lura kawai shi ne, waɗanda suka amsa sukan kafa sharaɗi ɗaya: mutane za su ɗauka, ba za su yi dakon kwalba ba. Sharaɗin yana aiki lafiya lau da safe. Da yamma ne yake rikicewa, lokacin da abin da ke cikin kwalaben ya gama komawa cikin mutanen.

To, ka amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun ana saura mako guda ka duba lasisinka. Lasisin Najeriya ko na Nijar wata 6 kawai yake aiki daga ranar da ka zama mazaunin Jamus. Bayan nan ya zama katin tunawa da gida. Ka kuma tambayi kamfanin hayar mota ko motar mai giyar hannu ce, don yawancin masu araha haka suke. Kuɗin haya da na mai kuwa, a tara maka su a hannu kafin a tayar da inji. Mutumin da ya leƙa gidan giya uku zai rantse maka cewa kai ɗan'uwansa ne na jini, amma ba zai tuna yana da bashinka ba.

Sai batun inda za a dosa, kuma nan ne za ka fara nuna ikonka. Jamus tana da gidajen dafa giya kimanin 1,500, kimanin 600 daga ciki a jihar Bavariya suke. Fasinjojinka za su zo da taswira cike da jan biro, wani yana son Weihenstephan da ke Freising, wadda ke cewa tun 1040 take dafawa, wani yana son Weltenburg a bakin kogin Danube, inda 'yan zuhudu suka fara tun 1050. Ka saurare su da ladabi, sannan ka naɗe taswirar. Ka ce arewacin jihar za a je, yankin Frankoniya, inda ƙauye mai gida ɗari yakan mallaki tukunyarsa, kuma iyali ɗaya ke gadon sana'ar kaka da kakanni. Su za su ɗauka ka san giya ne. Kai kuwa lissafinka daban: gidajen suna kusa da juna, tuƙin kaɗan ne. Daga Nuremberg zuwa Bamberg kimanin kilomita 60 ne a kan babbar hanyar A73, daga nan kuma komai ɗan taƙi ne.

Gida uku a rana ya isa. Duk wanda ya ce biyar, ka rubuta sunansa, shi ne zai fara barci a na biyu.

Bamberg gari ne da ko ba ka sha za ka ci ribar zuwa. Tun 1993 UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma tsohon zauren majalisar birnin a tsakiyar kogin Regnitz aka dasa shi, gada ta shiga ta nan ta fita ta can. Ka ajiye mota a wajen tsohon gari, don lungunan an yi su ne tun kafin a san taya. Fasinjojinka za su miƙe zuwa Schlenkerla, tsohon gida mai duhun katako da ƙananan tagogi, wanda ya yi suna da giya mai hayaƙi. Yadda ake yi: a jiƙa sha'ir ya tsira, sannan a busar da tsiron a kan wutar itace, hayaƙin ya kama shi. In aka ajiye kofin kusa da kai, abin da zai bugi hancinka shi ne ƙamshin kifi banda, har ka fara waige-waigen inda tuwon yake. Mutanen garin suna cewa sai a kofi na uku ake fara jin daɗinta. Ban taɓa jin tallar da ta kai wannan wayo ba: kaya bai yi maka daɗi ba, maganin kuma ka ƙara sayen biyu.

A nan ne za a fara yi maka lacca, don haka ka shirya. Babu Bajamushen da zai sha kofi biyu bai ba ka labarin dokar tsarkin giya ta 1516 ba, wadda Sarki Wilhelm na Huɗu na Bavariya ya kafa a Ingolstadt, cewa ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da furen hop, wani tsiro mai yaɗo da ke ba ta ɗaci. Ka bari ya kai ƙarshe. Sannan cikin sanyin murya ka tambaye shi ina yis, tunda ba a ambace shi ba, kuma babu shi babu giya. Ka ƙara da cewa ka ji har da batun burodi a dokar, wato a bar wa masu gashi alkama kada mashaya su dafe ta. Zai dube ka da sabon mutunci, ya juya ya maimaita wa na kusa da shi kamar shi ya gano.

Me kai za ka sha? Kada ka nemi ruwan famfo, ba al'adarsu ba ce su kawo shi kyauta, in ka ce ruwa kawai kuma mai gas za a dire maka. Akwai Apfelschorle, ruwan tuffa gauraye da ruwa mai gas. Akwai Spezi, kola da lemo a haɗe, wanda wani gidan giya na Augsburg ya fito da shi. Akwai kuma ruwan malt mai zaƙi irin su Karamalz, wanda duk wanda ya tashi da Maltina zai gane shi nan take. Ai ita ma Maltinar da ake rabawa a walimar saukar karatu kamfanin giya ne ke yin ta. Inda za ka yi hattara shi ne kwalbar da aka rubuta wa "alkoholfrei". Dokarsu ta yarda a kira ta haka ko da akwai barasa har kashi 0.5 cikin ɗari a ciki. In za ka taɓa, ka nemi mai ɗauke da 0,0 ɓaro-ɓaro. Akwai ma dokar da ta tilasta wa mai gida ya sayar da aƙalla abin sha ɗaya marar barasa a farashin da bai wuce na giyarsa mafi araha ba, don haka in ka ga komai ya yi tsada, ka ƙara duba ƙasan takardar, yana nan a ɓoye. Ko ma nawa ne, fasinja ke biya. Direba ba ya sayen abin shansa. In ba su san wannan ƙa'ida ba, ka ce musu tsohuwa ce.

Abinci ya fi abin sha wuya. Abin alfaharin yankin shi ne Schäufele, kafaɗar alade gasasshiya, kuma tsiran-alade nasu sunansa ya riga ya faɗi gaskiya. In tafiyar ta faɗo tsakanin Satumba da Afrilu ka yi sa'a, lokacin kifin karfu ne, ana soya shi rabi guda ya cika faranti; ka dai tambaya ko an kwaɓa garin suyar da giya, don wasu suna yi. Cukun da ake murjewa da albasa ma ana yawan zuba masa giya. In ba lokacin kifi ba ne, to kai da dankali kun ƙulla zumunci na kwana biyu. Abin da zai cece ka shi ne, a yawancin lambunan giya na Bavariya an yarda mutum ya zo da abincinsa, abin sha kawai zai saya. Ka dafa shinkafarka da kaza tun daga gida, ka sa yaji a aljihu. Kada dai ka ce a aiko maka da kilishi daga Kano don wannan tafiya. Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a jakar matafiyi, a filin jirgi zai ƙare.

In ka shiga gidan ƙauye ka ga babban tebur babu kowa, da ɗan allo a tsakiya an rubuta Stammtisch, kada ka ce Allah ya kashe ya ba ka. Teburin dattawan gari ne, kowa da kujerarsa tun shekaru, kuma za su iso. Sauran tebura kuwa ana zama da baƙi, ka tambaya kawai ko akwai wuri. In za a haɗa kofuna, ka ɗaga lemonka ka dubi kowa ido cikin ido. Mu an koya mana sunkuyar da kai gaban babba, su kuma a nan kawar da ido ne rashin ladabi. Ka tanadi tsabar kuɗi, gidaje da yawa ba sa karɓar kati. Kuma ka buga waya kafin ku tashi, don kowane gida yana da ranar hutunsa, galibi Litinin ko Talata, wani lokaci kuma iyalin gaba ɗaya sun rufe sun tafi hutu.

Rana ta biyu ka kai su Aufseß, gabas da Bamberg. Ƙaramar hukuma ce mai mutum ƙasa da 1,500 da gidan giya 4, abin da ya sa ta shiga kundin bajinta na Guinness a 2001, kundin da shi ma kamfanin giya ne ya ƙirƙiro shi, don haka hukuncin a cikin gida aka yanke. Amfanin wurin a gare ka shi ne, an haɗa gidajen da hanyar ƙafa ta kimanin kilomita 14, wadda ke zagayowa ta dawo inda ta fara, har takardar shaida ake ba wanda ya samu hatimin kowane gida. Ka sauke su a mafari, ka yi musu fatan alheri, ka ce ai ba a jin daɗin ƙasa ta tagar mota. Ka samu yini guda naka. Ka nemi gefen gona ka shimfiɗa darduma, alƙibla tana kudu maso gabas, ka yi sallarka a natse, ka kira gida, ka yi ƙailula. In manomi ya tsaya da tarakta yana kallonka, ka ɗaga masa hannu. Yawanci so yake ya san ko motar ce ta lalace.

Komawa gida ita ce jarrabawar. A cikin ƙauye kilomita 50 ne a awa, a wajensa 100, kuma na'urar ɗaukar hoton masu gudu tana son fakewa daidai bayan allon sunan gari. A mahaɗar da babu alama, na hannun dama ne ke da hanya, ko da keke yake tuƙawa. A babbar hanya akwai wuraren da babu iyakar gudu, kuma a nan ne wanda ya fi kowa yin mankas zai farka ya ce ka taka. Ka tsaya a 130 da hukuma ta ba da shawara, ka bar layin hagu ga masu gaggawar ganin kakanninsu. Ba a wuce mota ta dama, ba a danna ham don gaisuwa. Idan 'yan sanda suka tsayar da ku, warin da zai fito ta taga zai sa su ba ka bututu ka hura. Ka hura da ƙarfinka, wannan ne lokaci ɗaya a tafiyar da za ka haskaka. Kada dai hannunka ya kuskura ya nufi aljihu da niyyar na goro, don a nan wannan laifi ne da ya fi na buguwar girma.

Ka ware ledoji a aljihun kujera, ka ba wanda fuskarsa ta fara canja launi wurin zama kusa da taga. Za a yi waƙa, za a yi maka alkawarin zuwa Kano a ga hawan Sallah, wani zai tambaye ka sau huɗu ko da gaske ba ka taɓa ɗanɗanawa ba. Ka amsa duka huɗun da murya ɗaya. Ka sauke kowa a ƙofar gidansa, ka jira ka ga mabuɗi ya shiga. Sannan kafin ka mayar da mota ka cika tanki, ka ɗauki hoton kujerun baya, ka tura wa dukansu a daren, don kamfanin haya yana cajin kuɗin wanki na musamman, kuma da katinka aka yi rajistar motar.