Gwanayen Da Suka Naɗa Kansu

Duk wanda ya zauna a majalisun Katsina, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Marusa, lalle ya gamu da waɗanda malamai ke kira jahili murakkabi, waɗanda abin da suke taƙama da shi bai kai cikin cokali ba, amma a zatonsu kogi ne.

Na farkonsu shi ne malamin zaure, wanda ya karanta Ahalari da rabin Ishmawi, alhali kuwa mas'alar rabon gado, wadda masu Risala ke sake muɗala'a kafin su taɓa ta, shi yakan warware ta yana tauna goro, har yana ganin da Wali Ɗan Marina zai dawo, da a gabansa zai buɗe littafi.

Na biyu mahayin baki ne, wanda tun da aka haife shi bai hau abin da ya wuce jaki ba, amma in an tashi daga filin folo sai ya bayyana wa jama'a inda mahaya suka kuskure, kai har marigayi Sarki Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944 kuma duniya ta shaida gwanintarsa a wasan, bai tsira daga gyaransa ba.

Na uku likitan unguwa ne, wanda a iliminsa cuta biyu ce Allah Ya saukar, shawara da basir, kuma in majinyaci ya warke hikimarsa ce, in ya rasu kwana ne ya ƙare.

Na huɗu kuwa, wanda ba ya cikinsu amma ya fi ban tausayi, gwani ne na haƙiƙa, mahaddacin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, amma saboda abin ya zame masa da sauƙi yake zaton kowa ma haka ne, sai ya yi shiru a majalisa, malamin zaure na yi masa gyaran wasali.

Illar ita ce, sanin da mutum ke bukata don ya gane kuskurensa shi ne ainihin sanin da ya rasa, don haka hujja ba ta cin ukun farko. Maganinsu gwaji. A miƙa wa mahayin baki linzamin ingarma, nan take zai tuna ana jiransa a Ƙofar Ƙaura.