An Yi Hutu, Saura Kuɗin Mota

Ƙarshen zangon karatu yana riskar ɗalibi a halin da tasha ba ta ƙauna. Garin kwaki ya ƙare, kwalin taliya ya koma ma'ajiyar takalma, abin da ya rage a asusu kuwa mai POS ma ba zai ɓata takardarsa a kai ba. Ga gida yana kira. Dā can abin da sauƙi, amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta ɗara 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu, guzurin da ake aikowa daga gida kuma ya tsaya inda aka bar shi. Duk da haka, idan ka tsaya a Kwangila ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ta sallami ɗalibai, ko a Unguwa Uku ranar da 'yan Bayero suka fito, za ka ga kowa ya kama hanya. Ba mai kwana a tasha. Abin kallon shi ne da me kowannensu ya biya.

Wanda za ka fara jin muryarsa shi ne Lauya. Ba lallai ne daga tsangayar shari'a ta Kongo ya fito ba, wataƙila ma ilimin ƙasa yake karantawa, amma ya yi imani katin makaranta takardar rangwame ce. Zai zaro shi daga wuya ya nuna wa ɗan kamasho: "Oga, ni fa ɗalibi ne." Ɗan kamasho, wanda tun asuba ɗalibai yake lodi, zai dube shi sama da ƙasa ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam. Motar dai ba boko take sha ba." Daga nan sai muhawara. Lauya zai kawo farashin lita, ya kawo tazarar Zariya zuwa Kano, ya raba da yawan kujeru, ya tabbatar wa duk mai kunne cewa zalunci ake yi. Lissafin nasa ma sau da yawa daidai ne. Matsalar kawai, kafin ya kai ƙarshen hujja mota ta cika ta tashi, wadda ta shigo layi kuma ta yi ƙari saboda yamma ta yi.

Ɗan Bakin Titi ya fi shi wayo, ko aƙalla haka yake gani. Shi ba ya shiga tasha sam. Zai saɓa jaka ya taka har ya wuce inda idon 'yan kamasho yake kaiwa, ya tsaya yana nuna gabas da yatsa. Dabarar tana da tushe: direban da ya ɗauki fasinja a hanya bai ba kowa la'ada ba, saboda haka yakan yi ragi mai kauri. Abin da Ɗan Bakin Titi ba ya sawa a lissafi shi ne ragin da sharaɗinsa yake zuwa. Gaba zai zauna, su biyu a kujerar mutum ɗaya, cinyarsa a kan giya, duk lokacin da direba zai canza sai ya ce, "Ɗan makaranta, ɗaga." Sannan motar hanya ba ta da alƙawari. Ana isa Kwanar Ɗangora direba ya ga fasinjansa sun ragu, sai ya faka, ya yi ƙus-ƙus da wani mai Golf, ya dawo ya ce, "Ku sauko ku shiga waccan, na biya muku." An sayar da shi ke nan, shi da jakarsa. Wani sai an juye shi sau biyu kafin ya ga Na'ibawa. Ni dai wannan ne kaɗai a cikinsu da nake yi wa faɗa da gaske. Motar tasha, duk tsadarta, an san direbanta, an san layinta. Ta bakin titi kuwa ba wanda ya ga shigarka, zamani kuma ya lalace.

Sai Mai Kawu, wanda ya cancanci a zauna a kansa, don shi ne gwanin gwanaye. Sati uku kafin hutu yake fara aiki. Mutanen da rabonsa da su tun bikin wata 'yar gwaggo za su fara samun gaisuwar Juma'a. "Kawu, barka da Juma'a, ya iyali? Na ce bari in ji lafiyarku ne kawai." Ba ya taɓa tambayar mota kai tsaye. Sai a gaisuwa ta uku zai sako, a kaikaice, cewa ai makaranta ta kusa tashi. A kansa akwai jadawalin duk wani ɗan garinsu mai mota da ke aiki a Kaduna ko a asibitin Shika, da ranar da kowannensu yake zuwa ganin gida. In kawu na jini bai samu ba, abokin kawu ma kawu ne.

Kyauta yake tafiya, har da sanyin na'ura. Amma ku bi shi cikin motar ku gani. An ce masa ƙarfe bakwai, sai bayan azahar za a tashi, don Hajiya ba ta gama shiri ba. A baya za a cusa shi da yara uku da kular abinci, a ɗora masa ƙaramin a cinya, ƙaramin kuma bai san ana cewa a tsaya ba. In taya ta yi faci shi ne makaniki. In an tsaya sayen tumatir a Kwanar Gafan shi ne ɗan dako. Mafi tsananin kuma tambayoyin Kawu ne, da ba su da birki: "Yanzu kai aji nawa kake? Ba bara ma aji uku ka ce min ba? Wannan askin fa, na 'yan makaranta ne?" Daga nan a shiga tarihin yadda su suka yi karatu da fitilar ƙwai, gwamnati tana ba su abinci da tikiti suna yanga. Mai Kawu ba shi da amsa sai "Haka ne, Kawu." Zai faɗe ta har bakinsa ya bushe. Da an sauke shi a ƙofar gida zai durƙusa ya yi godiya, ya ƙara da tambayar da ta kawo shi duniya: "Kawu, yaushe za ku koma?"

Akwai kuma Ɗan Ƙungiya, mai jiran motar kyauta. Kusan kowace jiha tana da ƙungiyar ɗalibanta a manyan jami'o'i, kuma idan zaɓe ya ƙarato sai ka ga wani mai neman kujera ya tuna ilimi shi ne ƙashin bayan al'umma, ya turo bas biyu a kai ɗalibai gida. Ɗan Ƙungiya tun dare ya rubuta suna, lamba ta goma sha. Da safe zai tarar an sake jerin, ya koma ta tamanin da wani abu, saman takardar duk abokan shugaba ne da 'yan matan da aka ce "ƙannensa" ne. Motar ba ta tashi sai wakilin Honarabul ya iso, wakilin ba ya isowa sai rana ta take, in ya iso kuma sai an yi jawabi, an riƙe ƙyalle mai hoton mai gida, an yi murmushi, an maimaita murmushin don mai ɗaukar hoto bai shirya ba. Bayan zaɓe motar takan yi ɓatan dabo. Ɗan Ƙungiya bai damu ba; ya ci moriyar jam'iyyu biyu a shekara ɗaya, kuma katin zaɓensa yana can ƙauye a aljihun wata tsohuwar riga.

Ɗan Jirgi kuwa da ƙafafa yake tafiya. Tun da aka buɗe layin dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016 ya daina ganin mutuncin masu shiga mota. Zai gaya maka jirgi ya fi sauƙi, ya fi kwanciyar hankali. Na biyun akwai ƙanshin gaskiya, duk da harin ranar 28 ga Maris, 2022 da ya tsayar da jirgin har watan Disambar shekarar ya nuna ko'ina sai addu'a. Na farkon ne dai ban yarda ba. Daga Samaru sai ya biya mota zuwa Kawo, daga Kawo ya ratsa garin Kaduna zuwa tashar jirgi ta Rigasa, ya sauka a Idu ko Kubwa, inda masu tasi suke jiran irinsa da fara'a. Tara duka ka gani. Amma ba a kawo masa wannan maganar, don hoton da ya ɗauka a jikin taga ya riga ya hau Facebook. Shekarar da ya fi jin daɗi ita ce ƙarshen 2023, da gwamnatin tarayya ta ce a hau jirgi kyauta lokacin bukukuwa. Har yau yana ba da labarin, ko da yake ba ya faɗin yadda aka yi ya samu kujera.

Kishiyarsa shi ne Ɗan Tirela, wanda yake lallaɓa yaron mota ya haye saman buhunan albasa ko masara a kan abin da bai kai rabin kuɗin bas ba. Yakan isa gida fari fat da ƙura, mahaifiyarsa ta yi sallallami kafin ta gane shi. Jami'an kiyaye haɗurra sun sha hana wannan hawa, kuma suna da gaskiya: tirela in ta faɗi ba ta tambayar wa ke sama.

A ɓangaren mata, ba a yi gwana irin Hajiya 'Yar Kasuwa ba. Ita ba ta neman ragi, ba ta kiran kawu. Cikakken kuɗi take biya, ta zaɓi gefen taga, don tafiyar ce take biyan kanta. In za ta gida ta karɓi saƙonnin ƙawaye. In za ta dawo ta ratsa Kantin Kwari ta ɗauko atamfa da mayafai, ta haɗa da turaren wuta da humra in 'yar Maiduguri ce, kafin sati biyu ɗakinta a hostel ya zama shago. Kujera ɗaya take saya, kayanta kuwa na mutum huɗu ne, kuma tana da baiwar raba su. "Ɗan'uwa, don Allah ɗan riƙe min wannan, ba nauyi." Akwai nauyi. Man gyaɗa ne, murfin kuma bai zauna ba. In ɗan kamasho ya ce sai ta biya kuɗin kaya, sai ta juya ga tsohuwar da ke kusa: "Mama, ki ji fa, wai 'yar wannan jakar." Mama kuwa ta karɓi faɗan kamar jikarta aka taɓa, ɗan kamasho ya ja da baya yana ƙunƙuni. Yawanci ita ce take ba Lauya bashi a tsakiyar zango.

Kar a manta da Akanta. Wannan bai damu da ko nawa ne kuɗin mota ba, damuwarsa mutum nawa za su biya. Zai kira mahaifinsa: "Baba, an ƙara kuɗin mota fa." Baba ya turo. Ya kira mahaifiya a ɓoye, murya ƙasa-ƙasa: "Umma, abin da Baba ya turo bai kai ba." Ta turo daga kuɗin adashe. Ya aika wa Yaya da ke aiki a Abuja saƙo mai hoton fuska tana kuka. In ya samu shiga tsarin bashin ɗalibai na NELFUND, naira 20,000 da ake ba shi duk wata sirri ce tsakaninsa da banki. Tafiya ɗaya, kuɗin mota uku, sannan ya bi Mai Kawu su tafi kyauta. Asirinsa yakan tonu ne ranar Sallah, idan masu turo kuɗin suka haɗu a kan tabarma ɗaya hira ta biyo ta kan tsadar rayuwa.

Wanda ba a gani a tasha shi ne Mai Gadi. Ya yi lissafi ya ga zuwa Mubi ko Yawuri da dawowa ya fi kuɗin abincin wata, sai ya ce shi zai zauna ya yi karatu. Ba karatun da yake yi. Makullan ɗakuna shida suna hannunsa, da izinin "in ka ga abin da zai lalace ka yi amfani da shi", izinin da yake fassarawa da faɗi ƙwarai. Ya san masallacin da ake raba kunu da ƙosai da azumi, ya san gidan malamin da ba a korar baƙo ranar Sallah. Idan aka dawo za a same shi ya yi ƙiba, gas ɗin kowa kuma ya ƙare.

Sau ɗaya aka ga bayansa. Ranar 14 ga Fabrairu, 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin gargaɗi na sati huɗu. Mai Gadi ya ce sati huɗu ai ba abin tafiya ba ne, ya gyara zama. Aka ƙara wa'adi, ya cinye abin da ke ɗaki na huɗu da na biyar. Aka sake ƙarawa, makaranta ta zama kufai, ba ko mai shayi. Da ya ga uwar bari ya sayar da risho da bokitin wani, ya bi motar albasa ya tafi. Ba a janye yajin ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Ranar da aka dawo, masu makullai suka yi masa caa a kan kayansu. Ya saurare su tsaf, sannan ya ce duk wanda yake da ƙorafi ya fara biyansa kuɗin gadi na wata uku.