Bayani a Kan Ilimin Zaɓen Ubangida Ga Sabon Direban Tirela

Ka sani, ya kai mai sabon lasin tuƙi, masana harkar mota sun daɗe da gano wata cuta da ke kama ɗan Adam ranar da hukumar FRSC ta miƙa masa lasin rukunin G, wanda ya halatta masa jan tirela. Alamominta a fili suke. Mai ita yakan fara yawo yana kaɗa makullin da ba na kowace mota ba, yakan ambaci ogan da ya koya masa tuƙi da gatsal ɗin sunansa idan ba ya kusa, sannan ya zauna a teburin mai shayi yana neman shawarar wane kamfani ya kamata ya zaɓa. Wannan ta ƙarshen ta fi tsanani, domin a ƙarƙashinta akwai zaton cewa masu mota sun yi layi a ƙofar gidansu suna jiran ya fito. An bincika, ba su yi ba. Amma tunda ladabin ilimi ya hana a bar mai tambaya ba amsa, za mu yi bayani kamar zaɓin yana hannunka.

Jumhurun masana sun kasa masu ɗaukar direba gida uku. Malaman Potiskum, waɗanda ba a ja da su a wannan fanni, sun ce biyu ne kacal: wanda zai biya ka a makare, da wanda zai ce ka yi haƙuri. Mu dai za mu bi jumhuru.

Na farko shi ne babban kamfani, irin masu siminti da ake ganin motocinsu jere a Obajana ko Okpella ko Kalambaina ta Sakkwato. A irin wannan wuri ba a tambayar ɗan wane ne kai, fom ake ba ka. Za a gwada idonka, a gwada tuƙinka, a sa ka yi ribas da bodi tsakanin durom biyu alhali mutum uku masu riƙe da fayil suna kallo. In ka haye, albashi zai riƙa shigowa ta banki, abin da kakanninka a wannan sana'a ba su taɓa gani ba. Sai dai kafin nan akwai rukunin da ake kira garanto, wato mutumin da zai sa hannu cewa idan ka ɓace da buhu 600 shi za a kama. A nan ne ɗalibi ke sanin ainihin matsayinsa a dangi. Kawun da ya yi ta cewa kai ɗansa ne na cikinsa, da ya ga wurin sa hannu da wurin manna hoto, sai tabaransa ya ɓata.

Babban kamfani yana kuma da wata na'ura da ake ɓoyewa a jikin mota, wadda ke kai rahoto. Ta hanyarta wani yaro mai nakatayal a ofis, wanda bai taɓa ɗaga jak ba, zai san ka tsaya a Tafa, ya san tsawon zaman da ka yi, ya bugo waya ya tambayi dalili. Gas ma da lissafin kilomita ake zuba maka. Saboda haka tsoffin hanyoyin samun na cefane, irin su ɗora buhunan wani a kan lodi ko ɗaukar fasinja a Mararrabar Jos, duk sun zama tarihi, kuma wanda ya nemi raya tarihi korarsa ake yi. Masana sun yi saɓani a kan ko wannan ci gaba ne. Matan direbobi sun ce ci gaba ne.

Na biyu shi ne Alhaji mai mota biyu ko uku, kuma a kansa ne aka fi zubar da tawada. Shi ba shi da fom. Jarrabawarsa tambaya ɗaya ce: a hannun wa ka koya? Idan sunan ya yi masa, ya miƙo makulli, ya ce amana ce tsakaninka da Allah. Yarjejeniyar ba a rubuta ta, shaidunta su ne ɗan kamasho da mai shayi, kuma dukansu biyun Alhaji suke ganin girmansa.

Ginshiƙin wannan mazhaba shi ne kuɗin hanya. Ma'anarsa a ilmance: wani adadi da Alhaji ke lissafawa a zaune a Kano, a kan tabarma, domin ya ishi mota zuwa Legas, tafiyar kilomita kusan 1,000, abin da ya yi saura naka ne. Ƙa'idar ba ta da aibu, illa dai hanya ba ta halarci zaman lissafin ba. Ita tana da nata: shingen 'yan sanda, na rod sefti, na bi'ayo, na kwastan, na masu karɓar harajin amfanin gona, da na wasu samari masu katako mai ƙusa da ba a tantance hukumarsu ba har yau. Tana da zagaye, domin direbobi da yawa sun daina bin Birnin Gwari zuwa Tegina saboda 'yan bindiga, sai su bi ta Suleja da Bida su ɓulla Mokwa. Tana da gadoji masu ra'ayin kansu, kamar ta Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba da ta karye a 2017. Kowane kwana da ka yi a cunkoso, kai da yaron mota sai kun ci abinci, kuma lissafin tabarma bai san da shi ba. Shi ya sa ake samun direba ya isa Ogere da saura mai kyau a takarda, aljihu kuwa ko na sabulu babu.

Ka kuma tambayi abin da motar Alhaji ta saba ɗauka, domin kaya ne ke tuƙa direba. Hatsin Dawanau mai haƙuri ne, masara ba ta buga waya. Amma idan tumatir ne daga Kwanar Gafan zuwa Mile 12, to ka shiga tsakanin hukuma biyu. Doka ta ce tirela kada ta wuce kilomita 60 a awa ko a babban titi, tumatir kuma ya ce shi bai ji ba, ya fara ruwa tun daga Jebba, mai kaya yana kira duk bayan rabin awa yana tambayar ina kuke. Shanun Potiskum da na Maigatari su ma da nasu babin: sa ɗaya ya kwanta a bodi, sauran suka tattake shi, kuɗinsa ya fi albashinka na watanni, kuma za a ce birkinka ne ya kayar da shi.

Na uku tanka ce. Direbobinta suna da ƙungiya mai ƙarfi, reshen PTD na NUPENG, kuma suna kallon sauran direbobi kamar yadda mai digiri ke kallon ɗan firamare. Suna da wani darasi mai suna shotej: a depo an auna lita kaza, a gidan mai an auna ƙasa da haka, bambancin kuma, bisa ittifaƙin masu mota, zafin rana ba ya biya, direba ke biya. Ban da wannan, ruwa ba buhu ba ne. Ka taka birki, mota ta tsaya, kayan cikinta bai tsaya ba. Ka sha kwana da gudu, ya taru gefe guda ya tafi da kai. A nan alƙalami zai daina wasa. Hatsarin tankar da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, da mahaɗar Dikko ta Neja a Janairun 2025, ya ci rayukan mutane masu yawan gaske, har gwamnati ta hana tankoki masu cin lita 60,000 lodi daga Maris na 2025. Wanda lasinsa bai bushe ba, ya bar tanka sai ya yi shekaru a busasshen kaya.

Akwai masu ƙara kashi na huɗu, wato masu ɗaukar kwantena a Apapa, amma kafin a kawo tsarin kiran mota na Eto a 2021 masana ba su lissafa wannan a tuƙi ba, sun sa shi a babin zaman haya a kan gada.

To yaya ake gane ubangida na ƙwarai? Ɗalibai kan ruɗu da fenti. Su ga kan mota ya sha ado, an zana zaki da dabino, an rataya tuntaye a gilas, su ce Alhaji yana ji da motarsa. Kuskure ne. Halin mai mota a taya yake. Ka zagaya ka duƙa, ka shafa kowace ɗaya, har na ciki da ba a gani sai an leƙa. A gefen taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, kuma duk wanda ya ce maka sabuwa ce, nufinsa sabuwa a wannan motar. Ka nemi safaya. Idan aka ce tana wurin mai faci, ka tambayi tun yaushe.

Daga nan ka tayar da mota, ka jira iska ta cika, ka kashe, ka yi shiru. Birkin tirela da iska yake aiki, kuma iska mai tsiyaya ba ta iya ɓoye kanta, za ka ji tana tsaki a ƙarƙashin bodi. Bi sautin. Idan ka tarar da tiyo an naɗe shi da robar tif an ɗaure, ka gama karanta tarihin gidan. Bakanike zai ce ai haka take zuwa Legas ta dawo. Gaskiya ya faɗa, haka take zuwa, har ranar da ba ta je ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce direban da ya riga ka. Ka tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, ina wanda yake janta da? Idan aka ce ya sayi tasa, wannan gida ne, ka riƙe. Idan aka ce ya je ganin gida bai dawo ba, ka nemi lambarsa a tasha, domin yana da lacca ta awa biyu da zai ba ka kyauta. Idan Alhaji ya ɓata rai ya ce kada a tuna masa da wannan yaron, to akwai bashi, saura a gano wa ke bin wani. Idan kuwa aka ce Allah ya jiƙansa, ka ce amin, ka tambayi a ina, sannan ka koma ka sake duba birkin.

Saura tambaya guda, kuma a gaban babban mutum za ka yi ta, wanda ka zo da shi daga ɓangarenku: idan taya ta fashe a Mokwa ƙarfe 2 na dare, wa zai biya? Mai mota zai ce Allah ya kiyaye. Addu'a ce mai kyau, ka amsa da amin, ka maimaita tambayar. Wanda ya ce shi zai biya, ya kuma yarda a rubuta a takarda tare da albashi da kuɗin hanya da ranar biya, karɓi makullinsa ko motar ta girme ka. Wanda ya ce ai ba za mu ɓata ba, ka yi masa godiya, ka sa takalminka. Kada gaggawa ta ɗebe ka, lasin na shekara 3 ne ko 5, ba a mako guda zai ƙare ba.